Na ba ƙanin matata kuɗi ya juya, masara ta faɗi: asarar ta wa ce?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Da kakar 2024 na ba ƙanin matata naira miliyan uku nace ya je ya nema, shi yaro ne mai zafin nema yana cin kasuwannin ƙauye, Giwa, Dandume, har Saminaka yana zuwa. Ya sayi masara ya zuba a sito a Dawanau da niyyar sai bazara ta yi nisa a fitar kamar yadda kowa yake yi. Toh kun dai san abinda ya faru a 2025, maimakon ta tashi sai ta dinga yin ƙasa. Ya gaji ya sayar, ya kawo min miliyan biyu da dubu ɗari wai sauran sun tafi a faɗuwa da kuɗin sito da dako. Ni a sanina kuɗi na ba shi ya nemi na kansa, ya dawo min da abina ya ɗan ɗora min wani abu a kai. Shi kuma yace ai haɗin gwiwa muka yi, da riba aka ci ai da tare za a raba. Maganar har ta kai gaban surukaina, uwargida ma yanzu daga sannu sai sannu. Wa ke da gaskiya a nan?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin komai Yallaɓai, ranar da ka ba shi kuɗin me ka ce masa da bakinka? Ba abinda ke cikin ranka ba, abinda ya fito kunnensa ya ji.

Abban Sadiq: Ce masa nayi ga wannan ka je ka juya Allah ya sa albarka, yace amin na gode Yaya. Transfa nayi masa a gaban yayarsa. Shikenan.

Ɗan Kwari: Toh ai kaga ba ku yi cinikin komai ba. Ba a ce bashi bane, ba a ce jari bane, ba a ce kaso nawa ba, ba a ce yaushe ba, ba a kuma rubuta komai ba. Kowa ya tafi gida da nasa lissafin a ka, kuma muddin ana cin riba ba wanda zai gane lissafin ya sha bamban, sai ranar faɗuwa.

Sarkin Yaƙi 02: Ni dai ra'ayina ya biya kawai, kuɗin mutane ba wasa bane, yaran yanzu sai a hankali wlh

Malam Na Zazzau: A'a ɗan uwa kar mu yi saurin yanke hukunci, bamu ji daga bakin yaron ba. Abban Sadiq ka yi haƙuri, amma abinda ka ce kana tsammani, wato a dawo maka da uwar kuɗinka cif sannan a ɗora maka wani abu, shi ne ma wanda shari'a ba ta yarda da shi ba. Hanya biyu ce a nan. In bashi ka ba shi, to miliyan ukunka ce a kansa ko masara ta faɗi ko ta tashi, amma fa ba ka da ko sisi a cikin riba, da ya ci miliyan biyu a kai duk tasa ce. In kuma jari ka ba shi ya yi kasuwanci ku raba riba, shi ne abinda malaman Malikiyya suke kira ƙiradi, bankunan Musulunci kuma suke cewa mudaraba, kuma ƙa'idarsa a fili take: a faɗi kason kowa tun farko kamar rabi da rabi ko sulusi, ba a yanka wani adadi a ce duk wata za ka ba ni kaza, kuma in aka faɗi to asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Sai dai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗin da aka gindaya masa. Mutum ba zai riƙe biyun a tare ba, in an ci riba yace shi abokin tarayya ne, in an faɗi yace ai bashi ya bayar. Allah ne mafi sani, kuma ku samu malami a kusa da ku ya ji ta bakin kowa, nan rabin labari muka ji.

Abban Sadiq: Malam wato ni zan ɗauki dubu ɗari tara kenan shi ya tafi yana fito? Gaskiya da sake.

Malam Na Zazzau: Ban ce haka ba tukuna. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, da ya zo maka da miliyan huɗu da rabi yace Yaya ga miliyan ukunka na gode, sauran nawa ne, za ka karɓa ka yi shiru? In amsar a'a ce to ka san ba bashi ka bayar ba.

Maman Hanan: Malam ya gama magana 😂 Allah ya huci zuciyarka Abban Sadiq

Na Dawanau: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Kafin a ce yaro ya ci amana a fara duba takardunsa, in yana da su. Mutane da yawa in suna lissafin ajiyar hatsi farashin saye da na sayarwa kawai suke gani, ba sa ganin abinda ke tsakani. Akwai la'adar dillali a kasuwar ƙauye, kuɗin buhu da ɗinki, 'yan dako su loda, kuɗin mota, abinda direba zai ta ajiyewa a hanya, 'yan dako su sauke a nan, kuɗin sito, maganin ƙwari, in ka ga dama ka sayi buhun nan mai leda biyu a ciki shi ma kuɗi ne, sannan ranar fitarwa a sake biyan dako da la'ada. Ga kuma ragi, masarar da aka saya da sanyin kaka ba ta gama bushewa ba, bayan wata biyar in aka zazzage aka auna buhu ba zai ba ka kwanon da ya ba ka da farko ba. Dan haka ko farashi bai motsa ba wanda ya ajiye ya riga ya faɗi, balle ya sauka. Faɗuwar kusan kashi 30 da ka faɗa, a 2025 ni ban ji ta a matsayin abin mamaki ba, akwai waɗanda tasu ta fi haka kuma manya ne ba yara ba. Abinda zaka nema a wajensa: buhu nawa ya saya, a nawa nawa, a wace kasuwa, wane sito, wa ya sayar wa, a nawa. In ya kawo waɗannan ka zo Dawanau ka tambaya, kasuwa ba ta ɓoye farashin jiya, kowa ya san nawa aka yi a wane wata.

Akanta: Ni abinda yafi damuna a labarin nan ba rabon asarar bane, yadda aka yanke shawarar shiga ne tun farko, kuma ba Abban Sadiq kaɗai ba, rabin ma'aikatan da na sani sun yi. Ku tuna me ya faru. 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, watan Yuni aka saki naira, dala da take wajen 750 a kasuwar canji ta Wapa ta bi ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin mota ya ninka, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 a tsakiyar 2024. Duk wanda ya ajiye hatsi a kakar 2023 ya ci riba ko da bai san komai a kasuwa ba. Sai kowa ya ɗauka iyawarsa ce. Da kakar 2024 ta zo sai malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai shagon waya, kowa ya kwashi kuɗi ya shiga, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wai me ya sa ta tashi bara, kuma wannan dalilin yana nan bana? Alhali alamun suna nan a fili, tun watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, naira ta ɗan tsaya waje ɗaya, manoma da suka ga tsadar bara sun faɗaɗa gona, sannan dubban mutane sun cika sito suna jiran rana ɗaya su fitar. In kowa mai sayarwa ne wa zai saya? Tambaya uku nake yi wa kaina kafin in sa kuɗi a komai: me ya sa nake zaton zai tashi, wa ya san abinda ban sani ba a harkar, kuma in ya faɗi da sulusi zan iya barci?

Sarkin Yaƙi 02: Akanta kai ma bayan ta faru kake wannan bayanin, da ka sani ai da ka faɗa mana a lokacin 😏 arziki na Allah ne malam

Akanta: Na Allah ne babu ja. Kuma ban ce na san za ta faɗi ba, ba wanda ya sani. Cewa nayi wanda ya yi tambayoyin ba zai zuba duka a abu ɗaya ba, kuma zai faɗa wa wanda ya ba kuɗin cewa in ta sauka zuwa kaza ka sayar kar ka jira. Wannan jimlar kaɗai da an faɗe ta da yanzu muna da abin kamawa, ko ya bi ko ya saɓa.

Bamaraɗe: Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Maraɗi nike. Abin da Akanta ya hwaɗi gaskiya na, kuma ku ƙara da batun iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka ruhe boda, sai cikin 2024 anka buɗe. Lokacin da naira ta hwaɗi, mai sefa in ya shigo Jibiya ko Dawanau gani yakai kaya sun yi arha, mutanenmu sunka yi ta saye, ku kuma kuna ganin hwarashi na hawa. To wannan ba abin da za shi dawwama ba ne. Daga baya nan wajenmu ma gwamnati ta hana hidda hatsi waje. Wanda duk ke sayen hatsi bai sauraren labarin iyaka da na canji, da ido ruhe yake tahiya. Mu nan in za mu ba yaro kuɗɗi muna kiran mutum biyu, a hwaɗi jikka nawa, a hwaɗi rabo, a yi fatiha. Ba wani abu mai wuya ba ne.

Baba Mai Goro: Na karanta duk abinda kuka rubuta, yarana, kuma akwai inda ban yarda ba. Wannan zancen a rubuta a rubuta shi ne yake kashe zumunci. Mu mun tashi mun ga ana ba mutum kayan miliyoyi a Kwari da Singa ba takarda ba komai, ya tafi Gaidam ko Agadas ya sayar ya dawo da kuɗi. Iyayenmu sun yi fataucin goro daga Gwanja har Kano da amana. Alhassan Ɗantata da ya rasu 1955 da yaransa yake aikawa ƙauyuka da kuɗi su sayo gyaɗa, ka taɓa jin ance sai da lauya? Yau ka ce wa ƙanin matarka zo ka sa hannu, ai ka gaya masa ba ka yarda da shi ba kenan, kuma yayarsa ba za ta manta ba. Abinda ya lalace tarbiyya ce ba takarda ba.

Ɗan Kwari: Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba amma a Kwarin nake kwana nake tashi. Gaskiya ne ana bada kaya ba lauya, amma ba a bada su a duhu. Wanda zai ɗauki dila goma ya san farashin kowace, ya san ranar da zai kawo kuɗi, yaron shago ya rubuta a littafi, maƙwabcin shago ya gani, kuma akwai wanda ya kawo shi ya tsaya masa. In ya saɓa akwai shugabannin layi da na kasuwa da za a kai ƙara, kuma ya san in sunansa ya ɓaci a layi ɗaya ya ɓaci a kasuwa duka. Haka ma na da ɗin, bafatake in ya sauka a zango wajen mai gida yake sauka, mai gida ne zai haɗa shi da dillali, shi zai tsaya in an bada kaya bashi, la'ada sananniya ce ba a ciniki a kanta, kuma manyan masu gida suna da malamin da ke rubuta musu da ajami. Amanar tasu tana da ƙa'ida wadda kowa ya haddace tun yana yaron gida, shi ya sa ba sai an maimaita ba. Su Abban Sadiq fa? Shi ma'aikaci ne ina zato, yaron ɗan kasuwar ƙauye, ba su tashi a ƙa'ida ɗaya ba, ba mai gida ba dillali ba shaida sai matarsa wadda ita ce ma a tsakiya. Sun ɗauki rashin takardar mutanen da, sun bar duk sauran abinda ya riƙe ta.

Baba Mai Goro: Toh wannan kuma ka faɗi wani abu. Amma dai ni har gobe shaidu na fi yarda da su a kan takarda, takarda ana musunta ta, dattijo biyu ba a kallon idonsu a yi ƙarya.

Malam Na Zazzau: Baba ai Alƙur'ani ya haɗa maka biyun. Aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka: a sa masa lokaci sananne, a rubuta, a kafa shaidu, kuma kar a ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Wani abin lura ma, wanda ake bi shi ne aka ce ya yi shiftar abinda za a rubuta, wato da bakinsa zai faɗi abinda ke kansa. Kuma sahabbai aka fara faɗa wa wannan, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Dan haka wanda yace maka rubutu rashin yarda ne ka ce masa umarni kake bi. Sai cinikin hannu da hannu ne aka sauƙaƙa a kansa.

Maman Hanan: Ni bari in faɗi ta ɓangaren mu mata masu saida kaya a waya dan wlh ciwon ɗaya ne, kunya. Atamfa da leshi nake sarowa a Kwari ina sawa a status. Da farko sai 'yar uwa ta turo "Anti a ajiye min wannan", in ajiye, sati biyu shiru, in na tambaya tace ai ba ta ce ta saya ba cewa tayi a ajiye. Wata ta karɓa tace "zan turo in sha Allah", yaushe? ba ta faɗa ba ni ma ban tambaya ba dan kar ace na cika son kuɗi, ranar da na tambaya kuwa na zama mara mutunci, har a gidan suna ana nuna ni. Yanzu saƙo ɗaya nake da shi ina turawa kowa har yayata uwa ɗaya uba ɗaya: kuɗinsa kaza, kuɗin kai wa kaza, ana ajiye kaya kwana biyu ne in an bada rabi, ba a fitar da kaya sai kuɗi sun shigo na gani a asusuna ba hoton transfa ba. Kun san me? Waɗanda suka yi fushi su ne dama waɗanda basa biya. Masu biya ko a jikinsu, wasu ma cewa suke sun fi son haka dan sun san inda suka tsaya. Kuma dan Allah masu turo saƙon murya na minti shida kuna ba da labarin bikin ƙanwarku kafin ku faɗi kalar da kuke so, ku ji tsoron Allah 😩 in maganar kuɗi ce a rubuta, murya ba a bincikenta in rigima ta tashi sai kin saurari ashirin kafin ki samo inda aka faɗi farashi.

Ummu Khalil: Maman Hanan kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, masu "shigo inbox" in an tambayi farashi fa? Ni da na ga haka nake wucewa

Maman Hanan: Ai suna ganin dabara ce, su ga fuskar mutum kafin su yanka masa. Kwastoma ɗaya za ki ci da haka ki kori goma.

Admin: Jama'a a dawo kan maganar Abban Sadiq dan Allah, kuma wanda ya turo tallan maganin basir na goge, a kiyaye.

Akanta: Toh a dawo. Yallaɓai shawarata kar ka fara da wa zai biya, in ka fara da nan kowa zai ja daga. Ka fara da lissafi. Ku zauna kai da shi da mutum ɗaya da ya san hatsi wanda ba danginku ba, ba a gidan surukai ba kuma ba a gaban uwargida ba, ka ce masa ba tuhumarka nake ba so nake in fahimci yadda kuɗin suka tafi. A bi buhu buhu kamar yadda Na Dawanau ya lissafa. Ɗayan uku za ka samu. Ko lissafi ya cika, faɗuwar kasuwa ce zalla. Ko ya cika amma akwai sakaci, misali ya sayi ɗanya ta yi fumfuna, ko an ba shi farashi mai kyau a watan uku ya ƙi sayarwa bai kuma sanar da kai ba. Ko kuma lissafi ya ƙi cika, akwai kuɗin da ya ci ko ya sa a wata harkar. Kowanne da hukuncinsa, kuma yanzu kai baka san a wanne kake ba, shi ya sa maganar take ta zagaye. Sannan in yana bayani ka bari ya kai ƙarshe, ka maimaita masa abinda ka fahimta ka ce haka kake nufi? Sau da yawa a nan ake gano ashe ba abu ɗaya ake musu a kai ba.

Abban Sadiq: Na ji duka kuma na gode. Amma akwai abinda ban faɗa ba, a watan biyu na kira shi nace naji ance kaya na sauka ko za a fitar, yace min Yaya ka bari azumi ya zo za ta tashi. Ni kuma nace toh kai ka san kasuwa. Wannan ba sakaci bane?

Na Dawanau: Gaskiya Yallaɓai wannan ya fi kama da hujjarsa ba taka ba. Ya faɗa maka ra'ayinsa ka ce toh. Da ka ce a'a ka sayar gobe ya ƙi, shi ne ya saɓa. Kuma zancen azumi zai ɗaga kaya ba shi kaɗai ya yi wannan zaton ba, kusan duk kasuwa haka aka zata, a 2025 ne abin ya ƙi.

Malam Na Zazzau: Haka ne. Amma kuma wannan kiran yana nuna kana bibiyar kayan a matsayin mai su, wanda ya bada bashi ba ruwansa da yaushe za a sayar. Ina ganin in lissafinsa ya cika ka rungumi ƙaddara, in kuma shi da kansa ya ga zai rage maka wani abu dan kyautatawa ba dan dole ba, babu laifi ka karɓa. In kun kasa daidaitawa akwai Hisbah suna sulhun irin wannan kullum kafin a kai ga kotu, amma ni ban so ta kai can, akwai 'ya'ya a tsakani.

Sarkin Yaƙi 02: Ni fa har yanzu ina ganin ko rabi ne ya kamata yaron ya ɗauka, haka kawai mutum ya yi asarar dubu ɗari tara

Ɗan Kwari: Shi ma ai ya yi asara, kakar gaba ɗaya ya yi yana hawa mota yana kwana a kasuwa bai samu ko kuɗin sabulu ba. Kai dai baka ganin wannan dan ba a transfa ta fita ba.

Ummu Khalil: Dan Allah tunda ana maganar ni ma a taimaka min kafin in faɗa irin wannan. Ƙawata ce za mu haɗa mu buɗe wajen saida kayan kicin, ni zan kawo dubu ɗari takwas ita dubu ɗari huɗu amma ita za ta zauna a shagon dan ni ina koyarwa. Mun ce rabi da rabi. Me da me ya kamata mu faɗa tun yanzu? Kuma ta yaya zan kawo maganar rubutu ba tare da ta ji wani iri ba, tun firamare muke tare.

Akanta: Hajiya rabi da rabin me? Riba ko shagon? Nan za ku fara. In shekara biyu ta yi kuka rabu, ita za ta iya cewa rabin kayan shago nata ne, ke kuma ki ce sulusi. Ku rubuta jari daban: naki kashi biyu nata kashi ɗaya. Riba kuma rabi da rabi saboda zamanta, wannan adalci ne in kun yarda. Sannan ku faɗi yaushe ake lissafi, duk wata uku ko shida, kuma riba ita ce abinda ya rage bayan an cire haya da wuta da kuɗin mota an kuma mayar da kayan da aka sayar a farashin yau ba na ranar da aka saro ba, dan a nan masu shago da yawa suka cinye jarinsu a 2024 suna murna suna cin riba, ka sayar da tukunya ka koma Sabon Gari kuɗin ba za su sayo irinta ba. Ku faɗi ko an yarda a bada bashi da iyakar nawa, ko ɗayanku za ta iya ɗaukar kaya ta kai gida da yadda za a rubuta shi, asusun banki na shago daban ba na wayar kowa ba, da yadda za a yi in ɗaya tana son fita ko aure ya kai ta wani gari.

Malam Na Zazzau: A ƙara da asara, a irin wannan tarayyar gwargwadon jari take bi, ke kashi biyu ita ɗaya. Batun fifita ta a riba saboda aikinta kuma malamai sun yi saɓani, Malikiyya sun fi son riba ta bi jari sai a yanka mata ladan zaman shago daban, wasu mazhabobin sun halatta yadda kuka tsara. Ku tambaya a kusa da ku ku zaɓi ɗaya tun yanzu.

Maman Hanan: Batun yadda za ki faɗa mata kuwa kar ki ce "dan kar mu samu matsala", da ta ji haka za ta ce wato kina zaton zan cuce ki. Ce mata za ki yi mu rubuta saboda mutuwa da magada, in yau na faɗi na mutu kar 'yan uwana su zo su tsare ki da tambaya, in ke ce kar mijinki ya rasa inda zai kama. Ba wadda za ta yi fushi da wannan. Ki bari ita ta riƙe biron, ku yi kwafi biyu, mijinki da nata ko wanta su sa hannu, kowa ta ɗauki hotonsa a waya.

Ummu Khalil: Na gode sosai, ranar Asabar za mu haɗu dama. Akanta in na rubuta zan turo maka ta gefe ka duba min lissafin kason.

Akanta: Turo Hajiya, amma ki cire sunaye da lambar asusu kafin ki turo.